Motar da Ba Ta Tashi Sai da Kaka

Ko da za a ciro ƙwaƙwalwata a wanke ta da sabulu a shanya a rana, akwai abu guda da ba zai fita ba, wato damanar da motar Babanmu ta ƙi tashi sai in kakata na zaune a cikinta. Na san waɗanda suka san ni za su ce ga shi nan ya fara, domin a unguwarmu a Sabon Birni an daɗe da yanke hukuncin cewa in na ce na ga raƙumi, to a bincika da kyau, wataƙila ɗan akuya ne. Amma wannan karon ina da shaidu, kuma babbar cikinsu tana nan da ranta tana tauna goro.

Lokacin ban daɗe da shiga sakandare ba. Babanmu ɗan kasuwa ne, yana ɗauko kanwa da gishiri da dabino daga wajen Nijar yana bin kasuwanni da su, har garin Isa. Ya daɗe yana wannan fama a motar haya kafin Allah ya hore masa tasa, wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, baƙa, doguwa, wadda in gabanta ya shigo lungunmu da hantsi, bayanta sai azahar yake isowa.

Kaka kuwa mahaifiyar Baba ce, kuma shi ne ɗanta na fari. Kun san yadda abin yake. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Da yana ƙarami an ce “wancan” take ce masa, da ya sayi mota sai ya samu ƙarin girma ya koma “mai motar”. Shi ma in ya shigo gaishe ta, ƙasa yake gaisarwa, ita kuma ta amsa wa bango. Duk wata magana mai tsawo ta hannuna take bi, don ni ne mijinta na wasa, ni kaɗai ne a gidan ke iya ce mata tsohuwa ta cika ci in kwana lafiya. Kuma Allah ya yi mata jiki, tubarkalla. In ta zauna a tabarma, tabarmar sai ta yi kwana biyu tana jinya.

Abin ya fara ne wata safiya bayan an kwana ana ruwa. Baba ya murɗa makulli, sai wani ɗan hoton ƙwan fitila ruwan ɗorawa ya kama a gaban sitiyari, da wani rubutu a ƙasansa, motar ta yi ƙara “ɗin”. Ya ƙara murɗawa, ta ce “ƙas”, ta yi shiru. Ya sake, ta sake cewa “ƙas”. Nan da nan samarin unguwa suka taru aka hau turi. Muka tura ta har bakin masallaci, muka juyo da ita, muka sake kai ta, gumi har cikin takalmi. Sai da muka kusa tura ta Maradi sannan wani direba da ke wucewa ya leƙo ya ce wannan ai otomatik ce, ko za mu tura ta har Makka ba za ta tashi da turi ba. Muna tsaye muna haki, Baba ya murɗa makulli don haushi kawai, sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Daga ranar muka shiga ruɗani. Yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi ta tashi da safe ta ƙi da rana. Hoton fitilar nan kuma ya kama ya mutu yadda ya ga dama. Wani abokin cinikin Baba, mutumin Nijar, ya karanta rubutun ya ce Faransanci ne, cewa take a duba fitila. Aka duba. Fitilun gaba garau, in an kunna su har ƙwarin garin Gangara sai sun taso. Duk da haka aka canza ƙwayaye, hoton ya ci gaba da kamawa. Aka sake canzawa, ya ƙara kamawa. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, motar kukan ido take yi, amma ƙafa ce ta ƙi tafiya. Ina ruwan fitila da tashin mota?

Aka kira mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Da ya buɗe bonet na leƙa ban ga batir ba, na ruga cikin gida na sanar cewa an sace batir, har Innarmu ta fara salati. Ashe irin wannan motar a ƙarƙashin kujerar baya ake ɓoye mata shi. Mai wayarin ya ɗaga kujera, ya auna batir ya ce lafiyayye ne, ya goge kawunansa, ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kujera, mota ta tashi. Ya karkaɗe hannu ya tafi ana sa masa albarka. Washegari ta ce “ƙas”. Aka kawo bakanike, ya ce kik ne, abin da ke tayar da inji, ya kwance ya wanke ya mayar, ta tashi. Washegari “ƙas”. Wani ya ce mai ne da ruwa, wani ya ce makullin ne ya gaji, wani dattijo ya ce ai motar Turawa ba ta son kanwa, a daina ɗora mata. Shi ne aka fi yi wa dariya. Ku riƙe wannan dattijon a ranku.

Ranar da asiri ya fara bayyana, ko in ce ranar da ya ƙara rikicewa, suna za mu je Gangara. Mota ta ƙi tashi, mata sun yi kwalliya suna tsaye a rana, hoda na narkewa. Kaka ta gaji da tsayuwa ta buɗe ƙofar baya ta shige wurinta. Tana da wurinta na musamman, bayan direba, a manne da ƙofa kamar wadda za ta tsere, kuma ko ba ta cikin motar ba mai zama daidai nan, akan ɗan matsa a bar mata. Zamanta ke da wuya hoton fitila ya mutu. Baba ya murɗa, mota ta tashi. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Da za mu dawo, Kaka ta tsaya sallama da dangi, sallamar da ta fi sunan tsawo, mota ta ƙi. Tana shigowa ta tashi. Na dubi Baba, Baba ya dubi sitiyari.

Ni ne na fara bincike, kuma har yau ina ganin gwamnati ta yi asarar ma'aikaci. Na sa carbin Kaka a motar, ba ta tashi ba. Na sa takalmanta, na shimfiɗa zanenta, na ajiye ƙoƙon goronta, shiru. Na lallaɓo wani maƙwabcinmu mahauci wanda ya kusa kai ta jiki, shi kuma ya ce shi babba ne ba ya zama baya, ya zauna gaba, mota ta ce “ƙas”. Na zauna ni kaina a wurinta ina kwaikwayon tarinta, ko kallona motar ba ta yi ba. Abin da ya ƙara dagula lissafina shi ne, wani lokaci takan tashi ba Kaka, musamman in an cika ta da fasinja. Amma da Kaka a ciki ba ta taɓa ƙi ba, ko sau ɗaya.

Baba mutum ne da ba ya son maganar camfi, amma kasuwa ba ta jiran mai gardama. Ya gwada barin injin a kunne wuni guda a kasuwa, motar ta shanye mai kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Wata rana kuma ta mutu masa a hanya da la'asar sakaliya, a wurin da ba wanda ke son yamma ta same shi yanzu, shi da wasu Fulani biyu da ya ɗauko. Suka yi ta addu'a suna waige-waige, suna fita suna shiga, can ta ga dama ta tashi. Da ya dawo gida bai ci tuwo ba. Da safe ya ce da ni, “Ka tambayi kakarka ko tana sha'awar ganin kasuwa.”

Haka Kaka ta zama ma'aikaciyar mota. Duk inda za a je tana bayan direba da mahucinta, a ajiye motar a inuwa, ta wuni tana cin dabinon Baba tana karɓar gaisuwa. Na ce mata tunda ta zama kwandasta sai ta fara rataya a ƙofa tana kiran Isa, Isa, saura mutum ɗaya. Ta ce in ta rataya a ƙofar nan ni za a aika in nemo ƙofar a daji. Da farko kowa dariya yake yi, ana cewa albarkar uwa ce, har wani mai babur ya zo ya roƙa ta ɗan zauna masa a kan nasa. Baba ya ce in yana son babur ɗinsa ya rufa wa kansa asiri.

A cikin kwanakin nan ne ta kira ni gefe ta ba ni saƙo. Ta ce in gaya wa mai motar cewa duk sa'ad da ya murɗa makulli tana jin wani abu na ƙis-ƙis a ƙarƙashinta, kuma wurin yana ɗumi kamar an ajiye garwashi. Wallahi a tarihin rayuwata wannan ne saƙo na farko da na isar ba ƙari ba ragi. Baba ya dube ni ya ce in ji tsoron Allah, tsohuwa ma ba za ni bar ta ba. Innarmu ta ce jiya ma na ce na ga kada a kwata. To, na faɗa, amma wannan daban. Shi ba zai iya zuwa ya tambaye ta ba, ita ba za ta maimaita masa ba, ni kuma ba a yarda da ni ba. Saƙo ya mutu a tsakar gida.

Har Isa muka kai motar wurin wani bakanike Bayerabe, haifaffen garin, wanda ya fi ni Hausa kuma ya kusa fi ni surutu. Yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Amma ta yaya muka isa Isa? Da Kaka a ciki. Kuma wa zai ce wa tsohuwa ta fito ta tsaya a rana cikin baƙin mai? Tana zaune a wurinta aka jona na'ura, na'ura ta nuna wutar motar takan yi ƙasa wani lokaci, amma a yanzu komai daidai. Ya tayar da ita ya kashe har hannunsa ya gaji, ba ta yi gardama ba. Ya ce wa Baba motar nan ta fi shi lafiya, Gobirawa ne dai ba su iya murɗa makulli ba. Kullum haka ake yi, mara lafiya ya je asibiti da maganinsa zaune a kansa, likita ya ce ƙarya yake.

Daga nan dariya ta fara canza launi. Ban san bakin da ya fara ba, amma magana ta tashi daga albarka ta koma wani abu. A bakin famfo aka fara cewa tsohuwar ce ta ɗaure motar don a riƙa yawo da ita. Wata ta ce wadda ta iya ɗaure ƙarfe, mutum fa? Kaka tana yin daddawa, duk unguwa a wurinta ake saye, sai ga ƙanwata da ke mata talla ta fara dawowa da faranti a cike. Wata rana ina zaune, ɗan maƙwabta mai rarrafe ya nufo cinyar Kaka kamar yadda ya saba, uwarsa ta yi wuf ta ɗauke shi ta ce wanka za ta yi masa, alhali ruwan wankan bai bushe a kansa ba. Kaka ta bi su da kallo, ta rufe ƙoƙon goronta. Ba wanda ya furta kalmar a gabanmu, amma kowa ya san kalmar da ake nufi, kuma kowa ya san in ta manne wa tsohuwa ba ta fita har kabari.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Kaka ta daina zagina. Na ce mata amarya ta tsufa za ni ƙaro wata, ta ce Allah ya sa alheri. Na sace mata goro a gabanta, ta tura mini sauran. Rannan na san abin ya kai inda ya kai.

Ana jibi kasuwar Isa ta sa na ciro mata tsohon akwatinta. Baba na zaune a bakin rumfa, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, ni ina tsakiya kamar alƙalin dambe.

“Ka ce ma mai motar,” in ji ta, tana kallon akwati, “in an tashi kasuwa shi sauke ni Tsamaye wurin ƙanena. Can za ni zauna.”

Na juya na faɗa, ko da yake ya ji. Ya ce in gaya mata zai sayar da motar gobe-goben nan, ko a matsayin ƙarfe ne, ya koma motar haya. Na juya na faɗa. Ta ce in gaya masa in ya sayar cewa za a yi ta cinye motar ɗanta, kuma jikokinta mata suna tasowa, ba ta son a riƙa nuna gidan da baki. Na juya, sai na ga Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa. Wannan saƙon ban isar ba. Ni da ake roƙo in yi shiru, ranar an nemi maganata an rasa.

Ranar kasuwa aka sa akwatin Kaka a but tare da buhunan gishiri. Ina gaba, tana wurinta. Da muka shiga Isa, maimakon kasuwa sai Baba ya karya kan mota zuwa garejin Bayeraben nan, ya ce wa sitiyari bari a ƙara gwadawa sau ɗaya.

Kun san Gobirawa da Yarbawa, ba a haɗuwa a rabu lafiya. Wancan zuwan, shi da Kaka sai da suka tara mutane. Ya tambaye ta wace kyanwa ce ta yakushe mata kumatu, ta ce kyanwar da ta ga Bayerabe ta gudu saboda ƙarar magana. To yau ma ya taho da shirinsa, ya leƙa taga ya ce, “Baiwata, an zo gaishe da ubangida?” Kaka ta ce ina kwana kawai. Ya dubi Baba, ya dube ni. Na matsa kusa na raɗa masa komai, har da akwatin da ke but, har da ƙis-ƙis da ɗumin da aka ƙi yarda da ni a kansu. Ga mamakina bai yi dariya ba. Mai surutu ne kaɗai ya san ranar da ɗan'uwansa ke faɗin gaskiya.

Ya ce wa Baba ya murɗa makulli rabi, yadda fitilun gaban sitiyari za su kama amma inji bai tashi ba. Sannan ya koma tagar Kaka ya buɗe wuta. Ya ce ya ji labarin za ta gudu Tsamaye, dama ya san Bagobiri ba ya tsayawa yaƙi. Shiru. Ya ce in ta je can zai biyo ta da goron aure, ya kawo ta gidansa ta riƙa daka masa barkono. Shiru, amma na ga mahuci ya fara rawa. Ya ce daddawarta ma da ake yabo, an kawo masa ya ɗanɗana, sai da ya ƙara mata magi.

Nan ne tsohuwa ta manta da baƙin cikinta. A taɓa komai, ban da daddawa. Ta yunƙura ta miƙo jiki ta taga za ta kwaɗa masa mahuci, sai motar ta ce “ɗin”, hoton fitila ya kama. Ya goce, ta koma ta zauna daɓas, hoton ya mutu.

Na ce, “Baba, ka gani?” Baba ya ce ya gani, amma bai san mi ya gani ba. Ni ma haka. Bayeraben ya zagayo ya leƙa, ya koma wurinta, ya faɗi abin da tunda aka haifi Baba bai taɓa jin an faɗa wa uwarsa ba.

“Tsohuwa, tashi.”

“Kai ɗan Yarbawa, ni kaka ce ma tashi?”

“Ke fa. Bawa ba ya gardama da ubangijinsa. Tashi.”

Ta ɗaga don ta kai masa duka, “ɗin”. Ya ce zauna, ta zauna, ya mutu. Tashi, “ɗin”. Zauna, shiru. Yaran gareji suka ajiye sipana suka kewaye mu, masu sayar da rake suka matso. Baba kuwa kunya ta kusa kashe shi a zaune, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya karanta lambar wata mota da ke gefe har ya haddace. Da wani ne ba abokin wasa ba ya yi wa uwarsa haka, da ranar an kwana a ofishin 'yan sanda.

Daga ƙarshe aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a gindin dogon yaro ta fito. Aka murɗa, mota ta ce “ƙas”. Bayeraben ya sa aka ɗauko buhun gishiri daga but aka ɗora a tsakiyar kujera, “ƙas”. Aka ƙara wani, “ƙas”. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ni ma kaina ya sake kullewa. Sai ya tambaye ni daidai ina take zama. Na nuna masa can lungu, jikin ƙofa. Aka tura buhunan nan har suka manne da ƙofa, Baba ya murɗa, mota ta tashi da rurinta.

Aka cire kujera gaba ɗaya. Batir na nan tsaf, kawunansa na ƙyalli tun gugar mai wayarin. Amma bakaniken bai tsaya nan ba, ya kama wata waya mai kaurin babban yatsa da ta fito daga batir ya bi ta da hannu har inda ta shige ƙarƙashin shimfiɗar ƙasan motar, wajen ƙofa. Ya ɗaga shimfiɗar. Wani farin gari da kore-kore ya yi tsiri a wurin kamar an zubar da tuwon jiya. Wayar ta ruɓe, 'yan silla kaɗan suka rage, ƙusar da ta ɗaure ta da jikin mota ta ci tsatsa tana lilo, gefen kuma ya yi baƙi alamar ƙuna. Ya lakato garin ya shinshina, ya miƙa wa Baba. Baba ya taɓa a harshe ya ce, a hankali, kanwa ce. Sai ya tuna farkon damana wani buhun kanwa ya fashe a kujerar baya, kuma gilashin wannan ƙofar ba ya rufewa duka. Ruwa ya shiga ya jiƙa ta, ta tsiyaye ƙasa ta zauna tana cin waya a ɓoye. Dattijon nan da aka yi wa dariya, ashe shi kaɗai ya kusa.

Bakaniken ya yi mana bayani. Ya ce wutar mota fita take ta dawo, kuma wannan wayar ce hanyar dawowarta gida. Da ta ruɓe, wuta kaɗan ke wucewa, shi ya sa motar ke zaton fitila ce ta lalace take ta ƙara, kik kuma da ke son wuta mai yawa sai ya ce “ƙas”. In an danne wannan lungu da nauyi, ƙarfen kujera ya taushe wayar ta manne da jikin mota, komai ya daidaita. Ɗumin da tsohuwa ke ji kuwa wuta ce ke tartsatsi, kuma da an ƙara jinkiri da wata rana kujerar ta kama da ita a kai. Na dubi Baba don ya ba ni haƙuri, ya yi kamar bai gan ni ba.

Sai Bayeraben ya juya wurin Kaka ya ce shi abu ɗaya ne bai gane ba, kujera faffaɗa kamar gadon sarki, me ya sa take matsewa a jikin ƙofa? Kaka ta kau da kai ta ce ina ruwansa.  Ni na sani, don na taɓa zama a wurin. Nan ne kaɗai a duk motar inda madubin direba ba ya kamo fuskar mutum. Na ga Baba ya ɗaga ido ya dubi madubin nan, ya daɗe yana kallonsa.

Aka sa sabuwar waya, aka kankare ƙarfen har ya yi fari, aka ɗaure tam. Kaka na kan tabarma, kujerar baya ba ko ƙuda, Baba ya murɗa, ta tashi. Ya kashe ya sake, ta tashi. Hoton fitila bai ƙara leƙowa ba. Ina jiran Kaka ta yi hamdala, sai na ji ta ce, “Ashe duk wahalar da na sha, aikin buhun gishiri nika yi.” Sannan ta miƙa hannu ta ce a ba ta ruɓaɓɓiyar wayar. Ta ƙulle ta a bakin zane kamar kuɗin adashi.

Bayan an tashi kasuwa muka kamo hanya da sauran rana. Da muka kusa inda za a rabu zuwa Tsamaye, Baba ya rage gudu ya ce in tambayi kakata ina muka nufa. Ban kai ga juyawa ba ta gaya wa gilashin taga cewa ta bar kalwa a jiƙe, in mai motar na son ta lalace to ya ci gaba da tambaya. Baba ya taka mota. Ban taɓa jin daɗin an tsallake ni a saƙo ba sai ranar.

Amma ba ta gama ba. Muna shiga unguwa ta ce in ce a tsaya a bakin famfo, daidai lokacin da mata suka cika wurin. Ta fito da ƙyar, ta tafi can nesa ta zauna a kan turmin wani gida, ta ce a kashe mota. Aka kashe. Ta ce a tayar. Ta tashi. Ta sa aka maimaita har sai da mai jan ruwa ta manta bokitinta na zuba. Sannan ta kwance bakin zane ta ɗaga wayar nan sama.

“Ga mayyar taku nan,” in ji ta. “Wadda ke so ta zo ta gaishe ta.”

Ba wadda ta ɗaga kai. Washegari da safe ta aza wayar a tsakiyar farantin daddawa ta ba ƙanwata, ta ce duk mai saye a nuna masa kyauta. Kafin azahar faranti ya dawo wayam, sai wayar kaɗai. Da yamma ɗan maƙwabta ya rarrafo ya haye cinyarta, uwarsa ta biyo shi da kwanon dambu tana ta kame-kame. Ni kuma na sace goro, Kaka ta ce mini ɓarawon miji, mai kunnuwa kamar faifai. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

Yanzu da na ƙara wayo, ko da yake a gidanmu akwai masu jayayya da haka, in na tuna sai in ga motar nan ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ta dai nuna inda ba nan ke ciwo ba, mu kuma muka bi yatsanta. Mutane ma haka suke. In abu ya fi ƙarfin ganewarsu ba sa cewa ba mu sani ba, sai su nemi wanda ba zai iya kare kansa ba su rataya masa. Kuma amsar tana gidanmu tun farko, a bakin wadda ke zaune a kan matsalar, kunya ta hana a tambaye ta, ni kuma aka ƙi yarda da ɗan aike. Abin da na koya ke nan: in abu ya rikice, kafin a kira masu na'ura ko masu camfi, a fara tambayar wanda ke zaune a kansa, kuma a saurare shi ko ta bakin wa maganar ta fito. Wayar tana nan rataye a ƙofar ɗakin Kaka. Ita kuma har gobe a lungun nan take zama, sai dai na lura tun daga ranar, in ta shiga, Baba yakan kai hannu ya ɗan karkatar da madubi gefe, don ta samu ta miƙe ƙafa ta zauna a tsakiya in ta ga dama. Ba ta taɓa matsawa ba.